Dogon Noti a Gurbin Gajere

Zuwa ga mai ɗakina,

Yau shekara uku da wata huɗu rabona da gida, da safen nan na ƙirga ina ɗaura takalmi. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya jikin naki? Ƙafar ta daina kumburi? Ya yara, ya 'yarmu Uwata da karatu? Ki gaishe min da Yaya, duk da na ji abin da ya faɗa. Ni lafiyata ƙalau, in ban da ido da ya fara gajiya da ƙananan abubuwa, da bayana da ke ƙorafi idan na daɗe a sunkuye.

Na zaɓi rubutu ne don kiran waya ba ya ɗaukar doguwar magana, kafin in gama bayani ɗaya layi ya yanke. Mai motar da ya kai muku kwamfutar shi zai kawo wannan takarda.

Kin ce Uwata ta je jarrabawar gwaji a babban zauren makarantarsu, aka ba ta kujerar baya, kowa kwamfutarsa ta kama waifai ban da tata, ta zauna awa biyu tana kallon allo. Kin ce ta gaske saura kwana goma sha shida, wanda bai shiga ba kuma sai baɗi. Na san me baɗi ke nufi ga yarinyar da ta shekara uku tana haddace sunayen magunguna. Ban ɗauki abin da wasa ba.

Amma ki faɗa wa Yaya ba gawa na aiko ba, kamar yadda ya ce. Kwamfutar nan daga guda uku na haɗa ta, waɗanda mai shago ya jefa a kwalin ƙarƙashin bene ya ce sun mutu. Wata biyar ina yi mata aiki a lokacin da sauran ke fita cin abincin rana. Allon daga ɗaya, kibod daga ɗaya, fankar ni na wanke ta da buroshi har ta daina kuka. Batir kaɗai ne sabo. Kwana uku tana kunne a kan teburina kafin in naɗe ta, sandunan waifai cike, ko ƙyaftawa ba su yi ba. Ni da samarin shagon nan ke kira Tsoho, amma duk wadda ta gagare su gabana suke direwa, ba zan aika wa 'yata abin da ban gwada ba.

Zargina yana kan ƙannenta. Na san halin auta, duk abin da ke da maɓalli sai ya danna. Ki ce Uwata ta bi waɗannan a jere, kada ta tsallake ko ɗaya. Ta duba ƙasan allo a dama, in ta ga alamar jirgin sama to an kashe waifai ne, ta danna maɓallin da ke da hoton jirgi a layin sama na kibod. Ta kashe kwamfutar gaba ɗaya ta sake kunnawa, ba rufe murfi kawai ba. Ta goge sunan waifan makarantar ta sake saka lambar sirri a hankali. Sannan ta lura, ta rubuta min a ina take kamawa, a ina take saki. Mai gyara da ido yake farawa, sukudireba daga baya ne.

Da na aiko mata 'yar na'urar waifai da ake soka wa a gefe, amma kin ce an hana soka komai a zauren jarrabawa. Dokarsu ce, kuma suna da gaskiya.

Kada kowa ya buɗe ta. Kada Yaya ya kai ta kasuwa.

Ki kula da ƙafar nan. Ina gaida kowa da kowa.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga mai ɗakina,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata wannan ta same ku lafiya, ke da yara. Ki zauna kafin ki karanta, sannan ki kira auta ki ce babansa ya ba shi haƙuri. Bai taɓa komai ba. Laifin nawa ne.

Saƙon Uwata ya iso ta waya shekaranjiya. Ta bi duk abin da na ce, babu alamar jirgi, babu kuskuren lamba. Sai ta yi abin da ban ce ba. Ta ɗauki kwamfutar ta tsaya a gindin akwatin waifai na ɗakin karatu, ta kama. Ta riƙa ja da baya tana ƙirga taku, a taku na bakwai ta saki. Ta kuma lura cewa idan ta ɗan sunkuyar da murfin sanda ɗaya takan dawo, idan ta buɗe shi sosai ta ɓace. Ta rubuta min duk wannan a jere, har da zane.

Ina karantawa na ɗaga kai. Akwatin waifan shagonmu yana manne a bango daidai saman teburina, hannu ɗaya tsakaninmu. A nan na yi gwajin kwana ukun da nake ta taƙama da shi. A wannan kusancin ko kwamfutar da ba ta da eriya kamawa za ta yi. Ni da nake koya wa samari su fita da ita bakin titi su gwada, ban fita da tawa ba.

Kin san al'adata tun ina gyaran rediyo a ƙofar gida: kafin in kwance abu sai na zana shi a kan kwali, kowane noti na soka shi a gurbinsa na zane, don kada gajere ya tafi gurbin dogo. Na jawo aljihun tebur na nemo kwalin kwamfutar Uwata. Ga gajeren noti ɗaya yana nan soke a kusurwar hagu, wurin hinji, wato inda murfi ke juyawa. Ranar da zan rufe ta, kafin gwajin kwana ukun nan, wani mai mota yana ta danna min ƙaho a waje, na miƙa hannu cikin gwangwani na ɗauko wani na ɗaure. Dogo na ɗauko. Ta wannan kusurwar wayoyin eriya suke bi su hau bayan allo, guda biyu, baƙa da fara, sirara kamar zaren ɗinki. Dogon notin ya huda su.

Na daɗe zaune da gajeren notin a tafin hannuna. Shekara ashirin da ɗaya ina wannan sana'a, ban taɓa yi wa baƙo haka ba, sai 'yata.

Na nemi mai shago ya ba ni mako ɗaya in zo, ya ce kamfanin da muke yi wa aiki ya kawo kwamfuta guda arba'in, in na tafi kada in dawo. Na ji haushi, har yanzu ina ji. Mutumin nan bai san bambancin fanka da batir ba, abin da ya iya shi ne ya ce a canja bod, wato babban faifan cikin kwamfuta da komai ke manne a jikinsa. Amma in faɗi gaskiya, da ya ji dalili shi ya buɗe kabad da kansa ya ba ni sabbin wayoyin eriya.

Kin ce mai gyaran da Yaya ya yi wa magana ya ce bod ne, sai an yi mako biyu ana nema. Bai ma ga kwamfutar ba. Jarrabawa saura kwana tara, wannan ƙunshi zai ci huɗu a hanya. Babu mako biyu.

Don haka ga shawarata, kuma na san za ki ce na haukace. Uwata ce za ta buɗe ta. A cikin ƙunshin akwai ƙaramin sukudireba, da hantsaki, da 'yar robar ɓanɓare murfi, da wayoyin eriya, da kwalin zanen da gajeren notin a jikinsa, da shafi huɗu na bayani. Ki share mata teburin ɗinkinki da safe lokacin da haske ke shigowa ta taga, ki shimfiɗa farin zane don noti in ya faɗi a gan shi, ki kori yara waje. Ta fara cire batir kafin komai. Kan wayar eriya ɗan mitsitsi ne, a saitin gurbinsa ake ɗora shi a danna a hankali har a ji ƙas. Abu mafi muhimmanci, in wani wuri ya ƙi buɗuwa kada ta yi masa ƙarfi, akwai notin da ba ta gani ba.

Yarinyar da ta ƙirga taku bakwai za ta iya. Idan ta lalace a hannunta, a kaina ne, ki faɗa wa Yaya haka tun yanzu.

Ku yafe min. Ina gaishe ku.

Naki,
Baban yara

*

Zuwa ga mai ɗakina,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya gajiyar jarrabawa? Don na san ke ma kin yi ta, ko da ba ki shiga zauren ba. Na ji daɗi da kika ce ƙafar ta saɓe.

Takardarki ta iso, na karanta sau uku, na huɗun a bayyane na karanta wa samarin shago, ko sun so ko ba su so ba.

Kin ce ta shafe safiya guda a kan teburin ɗinki, ke kina bakin ƙofa kina tsaron yara, Yaya kuma ya ɗauko kujera ya zauna a tsakar gida wai yana jiran a kira shi kwasar ɓaraguzai. Kin ce a tsakiyar aiki murfin ƙasa ya ƙi ɗagowa alhali ta cire duk notin da na lissafa, Yaya ya leƙo ya ce ta sa wuƙa, ta ce a'a. Ta ajiye sukudireba, ta juya kwamfutar tana shafawa da yatsa, har ta ɓanɓare 'yar robar da kwamfutar ke tsayawa a kai ta sami noti ɓoye a ƙarƙashi. Wannan notin ba ya cikin shafi huɗun da na rubuta. Na manta da shi. Kuskure biyu ke nan na yi a kwamfuta ɗaya, ta gyara duka biyun.

Da ta sa wuƙar nan da murfin ya tsage har wurin caji. Na ga manyan masu gyara sun yi haka, ni ma na yi ina yaro.

Inda na fi so shi ne da kika ce bayan ta rufe ba ta gwada a ɗaki ba. Ta kunna waifan wayarki ta bar ta a kan tebur, ta ɗauki kwamfutar ta fita tsakar gida, ta wuce ƙofa, ta tsallaka titi har gaban shagon mai wanki, tana buɗe murfin tana rufewa, sandunan suna nan. Ni ban ce ta yi haka ba. Abin da ya kamata in yi tun farko ke nan.

Ranar jarrabawa kuma aka sake ba ta kujerar baya, ta shiga, ta gama har da saura minti goma. Kin ce kafin a fara yarinyar da ke gefenta ta fashe da kuka don tata ta ƙi kamawa, Uwata ta leƙa ta ga alamar jirgi, ta nemi izinin mai tsaro ta danna mata maɓalli ɗaya. Da na kai nan a karatu sai da na tsaya na goge tabarau. Sakamako ya fito lokacin da zai fito, na san abin da ke kanta.

A cikin ambulan ɗinki akwai wata ƙaramar takarda a naɗe, ban sani ba ko kin ga abin da ta sa. Dogon notin ne, da layi ɗaya da rubutunta: “Baba, ga kayanka, ka manta shi a cikin kwamfutata.”

Na manna shi da salatif a bango, ƙarƙashin akwatin waifai, daidai inda idona ke sauka in na ɗago. Samari sun yi ta tsokanata, wai Tsoho ya samu ubangida a gida. Na ce ƙwarai, kuma duk cikinku babu wanda zai ajiye sukudireba ya shafa da yatsa. Mai shago ya tsaya ya karanta takardar, ya tambaya ko tana neman aiki. Na ce magani za ta haɗa wa mutane, ba za ta tsufa a sunkuye a shagon wani ba. Tun ranar, duk kwamfutar da ta bar teburina sai na fita da ita bakin titi, ko ana ruwa.

Kin ce washegari Yaya ya aiko da rediyonsa wai Uwata ta duba masa. Ki bar shi, a wurinsa wannan ban haƙuri ne, na karɓa. Kuma maganarsa ta farko ba duka ce ƙarya ba, abin da na aiko da lahani na aiko shi.

Na gaji da nan, ba zan ɓoye miki ba. Ɗakin da nake kwana taga ɗaya ce, ita ma bango take kallo. Amma makon nan da ƙafa mai sauƙi nake hawa benen shago.

Ki gaida yara, ki shafa min kan auta. Ki ce wa Uwata ta riƙe sukudireban, nata ne.

Naki har kullum,
Baban yara

Na kusa mantawa. Kin ce Yaya yana tambaya me na tara a shekara ukun nan. Ki karanta masa. Duk daga kwalin ƙarƙashin bene na tsamo su, da izinin mai shago, kuma duk na gwada su: allo huɗu, kibod tara, fanka goma sha ɗaya, batir uku masu riƙe wuta, caja shida, kwamfuta biyu cikakku na ƙannen Uwata, noti gwangwani ɗaya da rabi, dogaye daban gajeru daban. Sai hutun da ban ci ba, kwana ashirin da shida, mai shago ya sa hannu zan ɗauka da zarar mun gama arba'in ɗin nan. Saura goma sha bakwai.