Kaskon Inna da Ƙirjin Adila

Litinin, 2 ga Satumba, 2024
Kogi ya cika har yana lasar jinga. Ɗakuna duk warin danshi, sai na ninka turaren wuta safe da yamma, taga a rufe don ƙamshi ya kama. 'Yata Adila ta wuni tana tari. Shekararta shida, amma in ta ja numfashi sai ka ce ɗan kyanwa ne a ƙirjinta. Ba na son wannan ƙarar.

Laraba, 4 ga Satumba
Inna Gumsu, mahaifiyata, ta zo. Ta ce sanyin fadama ne, a turara ta. Ta zuba garwashi a kasko, ta barbaɗa haɗin kajiji da sandal, muka lulluɓe yarinyar da zani kamar yadda aka yi mana muna yara. Tana mutsu-mutsu ina cewa ta daure. Ni na riƙe bakin zanin. Da hannuna.

Alhamis, 5 ga Satumba
Jiya ban iya ƙarasawa ba. Da muka yaye zanin, ko "Umma" ta kasa faɗa. Baki buɗe, leɓe ya yi duhu. Babanta Tukur ya ja babur, ni ina baya rungume da ita, ko takalmi babu. Duk addu'ar da na sani ta gudu. Muna asibiti, an sa mata abin numfashi a fuska.

Asabar, 7 ga Satumba
Ciwon asma ne. Likita Shu'ibu ya zaunar da ni. Ya ce in ƙura ko danshi ko hayaƙi suka taɓa hanyar numfashinta, sai wurin ya saki wasu sinadarai, wai kemokin. Na sa ya maimaita don in rubuta. Aikinsu kira. Ya ce, "Hajiya, kin ga in an yi shela cewa jinga za ta ɓalle, kowa ya fito da buhun yashi? To, a jikinta shelar ba ta tsayawa. Sojojin jini su yi ta zuwa, wurin ya kumbura, hanya ta toshe."
Sannan ya sunsuna iska, ya tambayi sana'ata. Na ce turaren wuta nake haɗawa ina sayarwa. Ban taɓa jin kunyar ƙamshina ba sai yau.

Litinin, 9 ga Satumba
Mun dawo gida da abin shaƙa guda biyu. Duk motsin da ta yi sai gabana ya faɗi.

Laraba, 11 ga Satumba
Na gaya wa Inna abin da likita ya ce kan hayaƙi. Ta ɗauki zafi. Wai likitan da aka haifa jiya ne zai koya mata raino? Wannan haɗin daga kakarta ya fito tun Barno, babu amaryar kirki a unguwarmu da ba ta shiga ɗaki da shi ba. "Da hayaƙin nan na raine ku, wa ya mutu?"
Tana faɗa sai ta tuna. Ni ma. Gana, ƙanwata, tana shekara biyar ta rasu. Sanyin ƙirji aka ce a lokacin, kuma kullum tana ƙarƙashin zani. Babu wadda ta ambaci sunanta. Inna ta daɗe tana kallon kaskon, sannan ta yafa mayafi ta fita ba sallama.

Asabar, 14 ga Satumba
Amare uku na jiran haɗi, kuma ba a sayar da turare sai an ɗana shi an ji. Na ce bari in gwada kaɗan a bayan gida, ai da nisa. Ko minti goma ba a yi ba na jiyo tarin. Na sheƙa wa garwashin ruwa na ruga. Abin shaƙa ya taimaka, alhamdu lillahi. Ina kallon ƙirjinta ina jin kamar ana shela a ciki, kuma ni ce mai ganga.

Talata, 17 ga Satumba
Tsoro nake ji. In na bar turare, ni wace ce?

Juma'a, 20 ga Satumba
Inna ta aiko a kai mata kaskon da kwalaben, wai gidanta ya fi sarari. Na aika. Aro ne dai, kafin ruwa ya janye. Labule da zannuwa duk na wanke, don rana ta fito ne kawai.
Bayan la'asar Adila ta hau cinyata, ta cusa hanci a wuyana. Ta ce, "Umma, yau ba kya ƙamshin Umma."
Na ce mata sabulu na canza. Ta yi barci a ƙirjina. Na kasa kunne har aka kira magariba, ban ji ɗan kyanwar ba.