Kwat ɗin Auta

Litinin, 4 ga Nuwamba

Fada ya zo shago yau, ya same ni a kan keken ɗinki. Wai Bishof ya ce a fara tattara shaida kan rayuwar Auta, ko wata rana coci za ta sa shi cikin tsarkaka. Na ce, Fada, ƙanen nawa? Wanda bai taɓa wanke kofin da ya sha shayi ba? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ko shekara ba a yi da binne shi ba.

Suna son wani abu da ya taɓa sawa, a ajiye cikin akwatin gilashi. To me ya bari? Ɗakinsa kamar ɓarayi sun shiga. Takalma, bargo, har agogon Baba, duk ya rabar tun yana raye.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Mama ta tuna da kwat ɗin. Ni na ɗinka masa, ruwan ƙasa, na sa masa shafi mai kauri a ciki don yana yawan mura. Wata rana ya dawo babu shi, na yi faɗa har muryata ta dishe, shi yana ta murmushi kamar ba da shi nake ba.

Ta ce, "Ki nemo min, ko sau ɗaya in sansana kafin su kulle shi." Tun rasuwarsa wannan ne abu na farko da ta roƙe ni.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Bayan Misa mutane sai kama hannuna suke yi. Wata mata ta ce Auta ne ya goya mijinta har asibiti. Na ce Allah sarki. A raina kuwa na ce, ranar da Mama ta faɗi a banɗaki ni kaɗai na ɗaga ta, shi yana can yana goyon mijin wata. Kuma a wajen marasa lafiyar nan nasa ya kwaso zazzaɓin da ya kashe shi.

Kowa na cewa waliyyinmu, waliyyinmu. Ni ƙanena nake so.

Talata, 19 ga Nuwamba

Na je ƙarƙashin gadar bayan tasha, inda yake zuwa duk Alhamis da almakashi da kwano, yana yi wa tsofaffi aski da yankan farce. Ban taɓa zuwa ba. Wari, hayaƙi, kwalaye a shimfiɗe. Wata mai sayar da shayi ta ƙare min kallo ta ce, "Ke ce Yaya? Ya ce kin fi kowa faɗa, kin kuma fi kowa iya ɗinki."

Ban sami kwat ɗin ba. Kaina na ciwo.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na same shi, a jikin wani tsoho mai tari. Daga nesa na gane ɗinkina, na ɗan lokaci na zaci Auta ne zaune.

Na tafi da shirin rigima, har na haddace abin da zan faɗa. Tsohon bai bari na gama ba. Ya ce, "'Yata, ai aro ya ba ni. Ya ce in sanyi ya wuce zai karɓa, bai zo ba." Ya cire ya ninke da kyau ya miƙo min. Wata yagaggiyar singileti ce kawai a jikinsa.

Da ma ya zage ni, da na ji sauƙi. Na karɓa na taho.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Mama ta rungume shi, ta tusa fuskarta a ciki, ta daɗe. Sai ta ɗago ta ce babu ƙamshinsa. Hayaƙi ne kawai da jikin wani.

Ta tambaye ni a ina na samo, na faɗa mata. Ta ce, "To yanzu me ya sa?" Na tashi na shiga kicin.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Fada ya aiko, wai kada in wanke, kada in gyara komai, in kai yadda yake.

Na shimfiɗa shi a kan teburin yanka ina dubawa. Aljihu ya ɓalle, maɓallai biyu babu. A gwiwar hannu akwai faci, da jan zare a kan yadi ruwan ƙasa, ɗinki karkatacce kamar tafiyar ɗan maye. Hannun Auta ne. Sau nawa na ce ya zo in koya masa riƙon allura? Ashe zarena yake ɗiba yana zuwa yana yi wa tsohon faci.

Na rufe shago na yi kuka. Na yi kewarsa, wawan yaro.

Jumma'a, 29 ga Nuwamba

Iska mai sanyi tun safe. Ban kai wa Fada ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Mama ta ga kwat ɗin rataye, ta ce, "Gilashi dai ba ya jin sanyi." 

Alhamis, 5 ga Disamba

Na gyara aljihun, na sa maɓallai. Jan zaren ban taɓa shi ba.

Na koma ƙarƙashin gada da kwat ɗin. Tsohon yana nan, tarin ya ƙaru, ya lulluɓe da buhu. Na ce masa aron bai ƙare ba, sanyi bai wuce ba. Ya sa, ya shafa gwiwar hannun. Gobe zan je in gaya wa Fada, in yana son ganin kwat ɗin ya san hanyar gada.

Farcen tsohon ya yi tsawo, abin ba kyan gani. Almakashi na cikin jakata, kullum ma yana ciki. Na yanke masa ne kawai don kada ya yaga min shafi. Sai wani tsohon da ke kusa da shi ma ya miƙo hannu, ya zan yi?

Kwanon Auta na bayan ƙofar ɗakinsa. In tuna in ɗauka Alhamis mai zuwa.