Mangwaron da Na Dasa a Damilu

Hamma Muktar,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya Adda Raliya da yara? Ni nan Duwala lafiya lau. A shago nake kwana, amma ai gadi ne kyauta, tarin ma ya yi sauƙi.

Saƙonka ya iso, wai Alhaji Deribe ya fasa sayar min da filin Damilu. Hamma, a gaban Jauro mai unguwa ya ce ya sallama, ya karɓi kafin alƙalami, aka shafa fatiha, har goron shaidu biyu ya ci. Sai da mutanen Mubi suka gudo Yola, ƙasa ta yi tsada, sannan ya tuna akwai gadon marayu a ciki! Ni ma ɗan kasuwa ne, na san irin wannan tunawar.

Ka ce lauya na ganin mu karɓi kuɗinmu da diyya. Gaya masa fili nake so. Ran da zan taho na dasa mangwaro a kusurwar gabas, na ce wa Inna kafin ya yi 'ya'ya na dawo. Duk sanda garin nan ya ishe ni, inuwar da zai yi nake hangowa. Diyya a cikina za ta ƙare, in rasa inda zan ce zan koma.

Ku shigar da ƙara, amma kada Inna ta ji. Ran Juma'a in ta nemi kuɗin keke daga gida Bekaji, ka ba ta, ta je ta ba mangwaron ruwa yadda ta saba.

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙaninka,
Tahir