Wayar da Na Ja zuwa Siton Angurya

Yaya Audu,

Gaisuwa mai yawa. Ya Legas, ya iyali? Mu nan Funtua lafiya lau.

Da kunya nake rubuto maka. Kamfaninmu na gurzar auduga ya kawo kyamara saboda ɓarayi, amma wayarta ba ta kai siton angurya ba. Ni na ƙara ta da hannuna har hoto ya iso talabijin ɗin manaja. Ranar gwaji ina tsaye gefensa, sai ga ƙanenmu Sale a talabijin ɗin yana tura buhu ta katanga.

Manaja ya ce, "Malam Isa, ka san wannan?"

Na ce, "Ƙanena ne, ranka ya daɗe."

An kore shi daga aikinsa a kamfanin. Na kasa gaya wa Inna, kullum da safe tana yi masa addu'ar fita aiki.

Ka sa mu a addu'a. A gai da yara.

Ƙanenka,
Isa