Kore Biyar, Faifai Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Oga ya ce da zarar na sa hannu cewa gwajinmu ya wuce, in kamo hanya kafin a yi mata tiyata ranar Talata. Amma zama ya gagare ni. Kanel nake gwadawa, wato zuciyar kwamfuta, wadda kowace manhaja ke kira in za ta buɗe fayil, ta rubuta ko ta goge. Injinan da za mu fitar suna aiki da tsarin ajiyar fayil iri biyar, kowanne da halinsa, kuma duk sun nuna kore, alamar sun ci gwaji. Har da irin na katin kyamara, wanda bai ma san fayil na da mai shi ba, wai ya ci gwajin canja mai fayil. Sai kai da kawowa nake tsakanin tebur da taga. A gaida Inna.

Autanku

Auta,

Muna lafiya, Inna da sauƙi. Kai dai tun kana yaro ba ka cin abinci sai ka tona gindin kwano. An ba ka kore, me kuma kake nema? Inna ta sa na share ɗakinka, duk motar da ta tsaya a ƙofa sai ta ce kai ne. Tsoro take ji, ba ta dai faɗa ba ne. Sa hannu ka taho. Allah Ya kawo ka lafiya.

Yayarka

Yaya,

Bayan gaisuwa, na tona, kuma na gano. Gwajin yana shirya faifan ajiya biyar tsaf, ɗaya don kowane tsari, ya jona kowanne, sannan ya koma yana rubutunsa a tsohuwar foldar da ya saba. Ko ɗaya bai taɓa ba. Ke da kike gwajin jini a asibiti, kamar ki ɗebi jinin mutum ɗaya ne ki rubuta sunaye biyar. Na gyara layin umarnin da ke jawo haka, biyu suka yi ja nan take, wato sun faɗi, ɗaya ma fayil yake ɓatarwa. Ba wanda ya gani sai ni. In na mayar da layin yadda yake, gobe ina mota. In na nuna wa Oga, hutu ya tafi. Wallahi ina son ganin Inna kafin a shiga da ita. Na rasa inda zan sa kaina. Na bar ki lafiya.

Auta

Auta,

Ina gaisuwa. Wasiƙarka ta ƙona min rai, don ka san inda za ka taɓa ni. Da hannuna ba zan rubuta sunayen nan ba, ba kuwa zan ce ka rubuta ba. Na karanta wa Inna. Sai ta ce, "Da likitana ne, wanne kike so ya yi?" Je ka nuna wa Oganka jan nan.

An shiga da ita ɗazu. Ta ce a bar ɗakinka a share.

Yayarka