Gudu Tsakanin Korayen Fitilu

Daren Laraba, unguwar Jarwal, ƙasa mai tsarki.

Bayana na ciwo, amma ba shi ya hana ni barci ba. Yau na tura wani Ba'amurke a keken guragu wajen sa'ayi, ƙato, bai kai arba'in ba. Ya nuna mini kansa a waya: ɗan ƙwallon ƙasarsu ne a da, aikinsa ya rungumi ƙwallo ya ruga, ƙarti na kayar da shi, har gwiwoyinsa suka mutu.

Da muka iso korayen fitilu, inda maza ke sassarfa, ya yunƙura zai tashi, ya kasa. Da ɗan Larabcinsa ya kira ni baffa, ya ce, “Ya ammi, yi gudu da ni.”

Wallahi na yi, sau bakwai, da furfurata. Bai waiwayo ba, amma ina ganin kafaɗunsa na rawa irin ta mai kuka.