Lungun da Ruwa Ke Bi

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka da iyali cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya lau, sai gwiwar Inna, ita ma da sauƙi.

Yaya, ka tuna lungun bayan gidanmu? Lokacin da su Baba suka yanka unguwar nan, kowane mai gida ya bar taku biyu daga filinsa don ruwan sama ya sami hanya. Ba takarda, ba injiniya, amma shekara arba'in ruwa bai shiga ɗakin kowa ba. To, bara ma'aikatan tsara gari suka zo da rani tsaka, suka auna lungun, suka rubuta a taswirarsu wai fili ne da ba mai shi. Yanzu shaguna shida ne a wurin, masu ƙofar gilashi, ko kwata babu.

Abin da ya fi ci mini rai, na duba littafin da nake rubuta al'amuran kullum, na tarar da rubutun hannuna: "Yau na riƙe wa masu awo igiya, mutanen kirki ne." Ni na riƙe musu, Yaya! Na zaci gyara za su yi. Har ruwan sanyi na kawo musu.

Ruwan farko na bana ya kwaso ƙazantar layin gaba ɗaya, da ledoji da abin da ba zan iya rubutawa ba, har ƙarƙashin gadon Inna. Bangon ɗakinta ya tsage, na auna, yatsa biyu na shiga. Sau uku ina zuwa ofishinsu. Wani mai takalmi mai ƙyalli ya buɗe taswira, ya ce ai nan babu hanyar ruwa. Na ce to a rubuta wa ruwan takarda a sanar da shi. Wataƙila ban kyauta ba. Inna kuwa ta ƙi barin ɗakin, wai ita ta riga ruwan zuwa gidan.

Magini ya ce mafita ɗaya ce: a fasa ɗakinka, a ratsa kwata ta cikinsa zuwa titi. Na san shi kake tanadi don dawowarka, kuma na juya maganar ta kowace fuska ban ga wata hanya ba. Na ce ya zo ran Asabar ta sama. In ka yarda, alhamdulillahi. In ba ka yarda ba, ka yafe mini, don zan fasa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da Auta, da 'Yar Baba. Inna da Gwaggo suna sa muku albarka.

Naka har kullum,
Ƙaninka.